Mutumin da ke Ƙarshen Hoto: Rayuwar Ira Hayes (1923–1955)

Tsakure

Hoton sojojin Amurka shida suna kafa tuta a kan dutsen Suribachi, a tsibirin Iwo Jima, yana cikin hotunan yaƙi da aka fi bugawa a tarihi. Wannan maƙala ta bibiyi rayuwar ɗaya daga cikin mutanen shida, wato Ira Hamilton Hayes, ɗan ƙabilar Pima, tun daga haihuwarsa a 1923 har zuwa rasuwarsa a 1955 yana da shekara 32. Maƙalar ta nuna yadda hoton ya ɗora masa sunan jarumtar da bai taɓa amincewa da shi ba, ya kuma hana shi nisantar abin da ya gani a fagen fama, a zamanin da likitoci ba su ɗauki dimuwar yaƙi a matsayin ciwo mai daɗewa ba.

1.0 Gabatarwa

A ranar Lahadi 25 ga Fabrairu 1945, jaridun Amurka da dama suka fito da hoto guda a shafinsu na farko. Mutum shida ne sanye da hular kwano, sun haɗa ƙarfi suna miƙar da wani dogon bututun ƙarfe da aka ɗaura wa tuta, a ƙarƙashinsu kuma tarkacen duwatsu ne da ɓaraguzai. Na gaba ya sunkuya yana cusa gindin bututun cikin ƙasa. Na ƙarshe, ta ɓangaren hagu, hannuwansa suna sama, bututun ya riga ya wuce inda za su kai. Wannan na ƙarshen shi ne Ira Hayes.

Hausawa kan ce labarin zuciya a tambayi fuska. Hoton nan kuwa kusan babu fuska a cikinsa, domin wasu sun ba da baya, wasu kuma jikin 'yan'uwansu ya kare su. Rashin fuskar ya ba kowane Ba'amurke damar ganin ɗansa ko ƙanensa a ciki. Shi ne kuma ya jawo hukumar soja ta yi kuskure a sunayen mutum uku daga cikin shidan, har ba a kammala gyara ba sai a 2019. Sunan Hayes bai taɓa shiga cikin wannan ruɗani ba. Daga ranar da aka bayyana wa duniya shi zuwa ranar da aka tsinci gawarsa, shekara goma ba ta cika ba.

2.0 Asalinsa da Tasowarsa

An haifi Ira Hamilton Hayes ranar 12 ga Janairu 1923 a garin Sacaton, cikin yankin da gwamnati ta keɓe wa 'yan asalin ƙasa a bakin Kogin Gila, a jihar Arizona. Shi ne ɗan fari cikin 'ya'ya shida na Joseph Hayes da matarsa Nancy. Mahaifin tsohon soja ne da ya yi Yaƙin Duniya na Ɗaya, yana ciyar da iyalinsa da ɗan noma da tsinkar auduga. Mahaifiyar Kirista ce mai riƙo da addini, tana koyar da yara a makarantar coci. A 1932 iyalin suka koma ƙauyen Bapchule, a cikin wannan yanki dai.

Turawa suna kiran ƙabilarsu Pima, amma sunan da suke kiran kansu shi ne Akimel O'odham, wato mutanen kogi. Ƙarnuka kafin zuwan Turawa, mazauna wannan kwari suna haƙa magudanai suna noman ban-ruwa a tsakiyar hamada. Sukan noma masara da wake da kabewa da auduga, daga baya kuma alkama. A tsakiyar ƙarni na 19 su ne suke sayar da hatsi ga sojojin Amurka da ayarin matafiya masu nufin Kalifoniya. A 1859 gwamnati ta shata musu iyaka. Daga wajen 1870 baƙin manoma da suka zauna a saman kogin suka riƙa karkatar da ruwan zuwa gonakinsu, har ya daina isowa ƙasar Pima. Gonaki suka bushe, yunwa ta shiga, mutanen da suka saba ciyar da wasu suka koma saran itace suna sayarwa, suna kuma jiran tallafin abinci. Madatsar ruwan Coolidge da aka buɗe a 1930 ba ta dawo musu da abin da suka rasa ba. A cikin wannan talauci Hayes ya buɗe ido.

Matsayinsu a gaban doka ma bai daidaita ba. A 1924 majalisar dokokin Amurka ta ba dukkan 'yan asalin ƙasar matsayin cikakkun 'yan ƙasa. Duk da haka, a 1928, da wasu 'yan Pima biyu suka kai ƙara suna neman a yi musu rajistar zaɓe, kotun ƙolin Arizona ta yanke cewa mazauna keɓaɓɓun yankuna mutane ne da ke ƙarƙashin riƙon gwamnati, saboda haka ba su da ƙuri'a. Ba a soke wannan hukunci ba sai a 1948. Ke nan Hayes ya je yaƙi ya dawo alhali jiharsa ba ta yarda ya zaɓi ko da ɗan majalisa ba.

Waɗanda suka san shi yana yaro sun bayyana shi da mai kunya da yawan shiru, wanda kan yi kwanaki bai ce uffan ba sai in an yi masa magana. Ya iya karatu da wuri, ya kuma laƙanci Ingilishi fiye da yawancin tsararrakinsa. Ya yi firamare a Sacaton, sannan ya shiga makarantar kwana ta 'yan asalin ƙasa da ke birnin Phoenix, ɗaya daga cikin makarantun da gwamnati ta kafa don raba yaran ƙabilu da harshensu da al'adunsu. A 1942 ya yi ɗan gajeren aiki a shirin gwamnati na samar wa matasa aikin ƙwadago, ya kuma taɓa kafinta.

3.0 Shigarsa Soja

Japan ta kai hari a Pearl Harbor ranar 7 ga Disamba 1941, Amurka ta shiga Yaƙin Duniya na Biyu. Ranar 26 ga Agusta 1942 Hayes, yana da shekara 19, ya shiga rundunar Marin, wato sojojin da ake ɗauka a jiragen ruwa a sauke su a gaɓar abokan gaba. Bayan horon farko a San Diego ya nemi a saka shi cikin sojan laima, ya kuma ci jarrabawarsu a ƙarshen Nuwamba na wannan shekara. Akwai hotonsa da rundunar ta ɗauka a lokacin horon, yana durƙushe a ƙofar jirgin sama da laimarsa a goye, fuskarsa a fili, saurayi ne da bai ga komai ba tukuna.

A 1943 aka tura bataliyarsa kudancin Tekun Fasifik. A watan Disamba ya shiga faɗan tsibirin Bougainville, a cikin dajin da ruwan sama da laka da zazzaɓi suke kashe ƙarfin soja kafin harsashi ya same shi. A Fabrairu 1944 aka rushe rundunar laima, aka rarraba mutanenta. Hayes ya faɗa kamfanin E na bataliya ta 2, rajimanti ta 28, a babbar runduna ta 5. A nan ya zauna ƙarƙashin Saje Michael Strank, ɗan ƙaura da aka haifa a ƙasar Cekoslobakiya, wanda na ƙasa da shi suke ganin girmansa ƙwarai. A wannan ƙaramin rukuni akwai Kofur Harlon Block daga Teksas, shi ma tsohon sojan laima, da Franklin Sousley daga Kentucky. Sun yi kusan shekara guda suna horo tare, da farko a Kalifoniya, daga baya a Hawai. Ga mutum mai shiru irin Hayes, wanda ya fito daga inda ba a ɗauke shi cikakken ɗan ƙasa ba, wannan rukuni ya zame masa dangi.

4.0 Iwo Jima

Iwo Jima ƙaramin tsibiri ne mai aman wuta, faɗinsa kimanin murabba'in kilomita 21, yana da nisan kusan kilomita 1,200 kudu da Tokyo. Amurka ta so shi ne saboda filayen jiragen saman da ke kansa. Kwamandan Japan, Janar Tadamichi Kuribayashi, yana da sojoji kimanin 21,000, kuma ya sa sun haƙa ramuka da hanyoyin ƙarƙashin ƙasa masu tsawon kilomitoci da yawa. Dabararsa ita ce a bar Amurkawa su sauka su cika gaɓa, sannan a buɗe musu wuta daga inda ba sa gani.

Ranar 19 ga Fabrairu 1945 aka fara sauka a kan baƙin toka mai nutsar da ƙafa. An ɗora wa rajimanti ta 28 alhakin yanke dutsen Suribachi, mai tsayin mita 169, daga sauran tsibirin, sannan ta kama shi. A safiyar 23 ga wata wata tawagar sintiri ta kimanin mutum 40 ta hau dutsen ta kafa ƙaramar tuta. Wannan tuta ta farko ita ce ta sa sojojin da ke gaɓa suka yi sowa, jiragen ruwa suka busa ƙaho. Bayan 'yan sa'o'i kwamandan bataliya ya ba da umarnin a sauya ta da babba. Strank da Block da Sousley da Hayes suna kan hanyar hawa dutsen, suna jan wayar tarho, aka haɗa su da aikin. Aka samo wani bututun ruwa na Japanawa, aka ɗaura masa tutar, wasu sojoji biyu suka kama musu saboda nauyinsa, suka miƙar da shi.

Joe Rosenthal, mai ɗaukar hoto na kamfanin dillancin labarai na Associated Press, ya iso saman dutsen bayan an kafa tutar farko. Da yake gajere ne, sai ya tara duwatsu ya hau. Ya danna kyamararsa ba tare da ya tabbata abin da ya kama ba, idon kyamarar kuwa ya buɗe ne na kashi ɗaya cikin 400 na daƙiƙa. Ga waɗanda suke wurin, musanya tuta ce kawai aka yi, ba wanda ya yi sowa.

Faɗan ya ci gaba har kwana 31 bayan wannan rana. Ranar 1 ga Maris aka kashe Strank. Block ya karɓi jagorancin rukunin, shi ma aka kashe shi bayan 'yan sa'o'i. Ranar 21 ga Maris wani maharbi ya kashe Sousley, yana da shekara 19. Da aka kammala yaƙin tsibirin ranar 26 ga Maris, Amurkawa kimanin 6,800 sun mutu, jimillar matattu da raunanansu ta kai kusan 26,000, sojojin Japan kuwa kaɗan ƙwarai suka rayu. Daga cikin mutum 45 na sashen da Hayes yake, mutum biyar ne suka rage a tsaye, shi ne ɗayansu. Cikin mutum huɗun da suka hau dutsen tare suna jan waya, shi kaɗai ya bar tsibirin da rai.

5.0 Hoton da Yawon Neman Kuɗi

Yayin da ake wannan kashe-kashe, hoton ya riga ya zagaye Amurka. Ya ci kyautar Pulitzer a wannan shekara. Gwamnati ta ga amfaninsa nan take, domin baitulmali yana buƙatar kuɗin ci gaba da yaƙi, jama'a kuma sun fara gajiya. Shugaba Franklin Roosevelt ya ba da umarnin a dawo da mutanen da ke cikin hoton don su jagoranci gangami na bakwai na sayar da takardun lamunin yaƙi.

Rene Gagnon, ɗan saƙon da ya kai tutar saman dutsen, shi aka fara kawowa Washinton don ya faɗi sunaye. Hayes ya riga ya gargaɗe shi da kakkausar murya kada ya ambace shi, Gagnon kuma ya yi ta nuƙu-nuƙu har sai da aka tsoratar da shi da hukunci. Sunayen da aka fitar su ne Strank, Sousley, Saje Henry Hansen, John Bradley, Gagnon da Hayes. Ukun farko sun mutu. Da Hayes ya iso Washinton a watan Afrilu, ya shaida wa jami'in da ya yi masa tambayoyi cewa mutumin da ke gindin bututun Block ne, ba Hansen ba. Aka amsa masa da cewa an riga an sanar da sunaye, ya ja bakinsa ya yi shiru. Ranar 20 ga Afrilu shi da Bradley da Gagnon suka gana da sabon shugaba, Harry Truman, wanda ya gaji Roosevelt kwana takwas kafin nan.

A watan Mayu aka fara yawon birane. Akwai liyafa da jawabai da 'yan jarida, a wasu wurare kuma akan sa su maimaita ɗaga tuta a gaban dubban 'yan kallo. A kan hanya sun haɗu da iyayen abokansu da suka mutu, har da mahaifiyar Hansen, wadda aka shaida wa cewa ɗanta yana cikin hoton, Hayes kuwa ya san ba haka abin yake ba. A duk inda aka kira shi jarumi yakan nuna cewa jaruman su ne waɗanda aka binne a tsibirin, shi dai ya kama bututu ne. Ya fara shan giya fiye da kima. Kafin ƙarshen Mayu, bayan mako biyu kacal, aka cire shi daga yawon aka mayar da shi kamfaninsa a Hawai, aka sanar wa jama'a cewa shi ya nemi komawa. Gangamin ya tara dala biliyan 26, kusan ninki biyu na biliyan 14 da aka sa a gaba. A watan Yuli aka buga hoton a kan sarkin gidan waya, aka sayar da fiye da miliyan 137. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

An ƙara masa girma zuwa kofur a watan Yuni. Bayan Japan ta miƙa wuya ya yi kimanin wata guda cikin sojojin mamaya a can, sannan aka sallame shi da kyakkyawar shaida ranar 1 ga Disamba 1945, yana da shekara 22.

6.0 Tafiyar Teksas

Tun ranar da hoton ya fito, Belle Block, mahaifiyar Harlon, ta dage cewa mutumin da ya ba da baya a gindin bututun ɗanta ne. Ba wanda ya gaskata ta, domin hukuma ta riga ta ambaci wani. A 1946 Hayes ya bar gida, wani wuri a ƙasa, wani wuri a motar da ta rage masa hanya, ya yi tafiyar kimanin kilomita 2,100 zuwa garin Weslaco a kudancin Teksas. Ya sami mahaifin Block a gonarsa, ya shaida masa cewa Harlon ne a hoton, sannan ya juya ya kama hanyar gida. Mahaifiyar ta rubuta masa wasiƙa, ya amsa mata a rubuce, ita kuma ta miƙa amsar ga ɗan majalisar mazaɓarsu. Rundunar Marin ta buɗe bincike, a farkon 1947 ta amince cewa Block ne.

Gyaran bai zo kyauta ba, domin abin da aka mayar wa wata uwa daga hannun wata aka karɓe shi. Hansen ya mutu ne a rana ɗaya da Block, kuma yana cikin waɗanda suka kafa tutar farko, wadda ba ta yi suna ba. Duk da haka, a cikin dukkan abubuwan da suka shafi hoton, wannan tafiya ce kaɗai Hayes ya yi da zaɓin kansa. Ba a aike shi ba, ba a biya shi ba, ya ma saɓa wa umarnin da aka taɓa ba shi. Ta kuma nuna yadda yake kallon hoton: jama'a tuta suke gani, shi kuwa abokansa yake gani ɗaya bayan ɗaya, kowa a inda ya tsaya.

7.0 Bayan Yaƙi: Ciwon da Ba a Ba Shi Muhimmanci ba

Hayes ya koma Bapchule ya tarar da ƙasar yadda ya bar ta, babu ruwa, babu aiki. Dokar tallafa wa tsofaffin sojoji ta 1944 ta buɗe wa miliyoyi ƙofar rancen gida da na gona, amma mazauna keɓaɓɓun yankuna ba su amfana sosai ba, saboda filayensu suna hannun amanar gwamnati, banki ba ya karɓarsu jingina. Ya koma tsinkar auduga da aikin lebura. Wasiƙu suna ta zuwa masa, masu yawon buɗe ido kuma sukan tsayar da mota su tambaya ko shi ne Ba'indiyen da ya ɗaga tuta. A 1949 aka gayyace shi tare da Bradley da Gagnon suka fito na ɗan lokaci a fim ɗin John Wayne mai suna Sands of Iwo Jima, aka sake miƙa musu tuta. Bai yi aure ba, bai kuma daɗe a wani aiki ba. An kama shi sau 52 bisa laifin maye. A 1953 ya koma Shikago a ƙarƙashin shirin gwamnati na kwashe 'yan asalin ƙasa zuwa birane, ya sami aiki a wata masana'anta, amma ba a jima ba aka kama shi a buge, wata jaridar birnin ta buga labarin da hotonsa, ta kuma buɗe asusun neman taimako da sunansa.

Mutanen zamaninsa sun fi fassara wannan hali da tsohuwar ƙazamar fahimta cewa Ba'indiye ba ya iya riƙe kansa a gaban giya. Tarihin wasu tsofaffin sojoji ya rushe wannan fassara. Audie Murphy, farar fata ɗan Teksas, wanda yake cikin sojojin Amurka da suka fi samun lambobin yabo a wannan yaƙi, ya yi shekaru yana fama da rashin barci da munanan mafarkai, yana kwana da bindiga a ƙarƙashin matashinsa, har ya kamu da jarabar ƙwayar barci. Abin da ya haɗa shi da Hayes fagen fama ne.

Likitocin soja sun san ciwon, amma sun ɗauke shi mai wucewa. A Yaƙin Duniya na Ɗaya sun danganta shi da girgizar harsashin igwa, a na Biyu kuma suka kira shi gajiyar fagen fama, wadda hutu da abinci mai zafi za su kawar. A 1946 John Huston ya kammala wani fim na gaskiya a kan sojojin da ke jinyar tabin hankali a wani asibitin soja, mai suna Let There Be Light, hukumar soja ta hana nuna shi har zuwa 1980. Kundin cututtukan ƙwaƙwalwa da ƙungiyar likitocin Amurka ta fitar a 1952 ya ambaci irin wannan dimuwa a matsayin abin da ke gushewa idan musabbabinsa ya gushe. Sai a bugu na uku, a 1980, bayan fafutukar sojojin da suka dawo daga Biyetnam, aka amince da ita a matsayin cuta mai zaman kanta da kan ɗauki shekaru. A lokacin Hayes ya shekara 25 a kabari.

Daga cikin alamomin da likitoci suka lissafa wa wannan cuta akwai dawowar abin da ya faru a mafarki ko a farke, da rashin barci, da jin laifin tsira alhali abokai sun mutu, da ƙoƙarin guje wa duk abin da zai tuno da masifar. Yawancin tsofaffin sojoji sun sami damar wannan gudu: sun ninke kakinsu sun sa a akwati, sun yi shiru. Hayes bai samu ba. Abin da ke tuno masa da Strank da Block da Sousley yana manne a bangon shaguna da kan ambulan, yana kuma bakin duk baƙon da ya gane shi. Binciken da rundunar Marin ta yi a 2016 da 2019 ya ƙara haska wannan batu. An gano cewa Bradley da Gagnon ba sa cikin hoton, waɗanda suke ciki su ne Harold Schultz da Harold Keller. Dukansu biyu sun tsira daga yaƙin, ba su kuma fito sun nemi a ambace su ba. Keller ya rayu a Iowa har 1979. Schultz ya yi aikin gidan waya a Los Angeles, ya rasu a 1995 yana da shekara 70. Cikin mutum uku da suka kama bututun suka kuma tsira, Hayes kaɗai aka sani a lokacin, shi ne kuma ya fara mutuwa.

8.0 Rasuwarsa da Abin da Ya Biyo Baya

Ranar 10 ga Nuwamba 1954 aka buɗe mutum-mutumin tagulla da Felix de Weldon ya ƙera bisa hoton Rosenthal, kusa da maƙabartar sojoji ta Arlington. Tsayin kowane soja a jikinsa ya kusa mita 10, kuma a wannan karon an yi musu fuskoki. Shugaba Dwight Eisenhower ya halarta, Hayes ma yana wurin, tare da iyayen abokansa.

Kimanin mako goma bayan haka, a safiyar 24 ga Janairu 1955, aka tsinci gawarsa a ƙasa kusa da wata tsohuwar bukkar laka da ba kowa a ciki, ba nisa da gidansu. Ya kwana yana karta da shan giya tare da 'yan'uwansa da abokai, har rigima ta tashi tsakaninsa da ɗaya daga cikinsu. Jami'in binciken gawa ya rubuta cewa sanyin dare da yawan barasa ne suka kashe shi. Wani ƙanensa ya ci gaba da ganin cewa rigimar ce sila, amma ba a gurfanar da kowa ba. Ranar 2 ga Fabrairu aka binne shi a Arlington da cikakkiyar karramawar soja, ba nisa da mutum-mutuminsa.

Bayan mutuwarsa ma ba a daina sarrafa labarinsa ba. A 1961 aka yi fim ɗin The Outsider, inda Tony Curtis, farar fata, ya fito a matsayinsa. Peter La Farge ya rubuta masa waƙa wadda Johnny Cash ya rera a 1964, ta danganta ƙarshensa da ruwan da aka ƙwace wa Pima. A 2006 Clint Eastwood ya fitar da Flags of Our Fathers, aka ba Adam Beach, ɗan asalin ƙasar Kanada, matsayin Hayes. Batun ruwan Kogin Gila kuwa sai a 2004 majalisar dokokin Amurka ta zartar da dokar sasantawa da ta tabbatar wa al'ummarsa kasonsu, kusan shekara 50 bayan rasuwarsa.

9.0 Kammalawa

Rayuwar Ira Hayes ta nuna iyakar abin da hoto zai iya shaida. Hoton Rosenthal bai yi ƙarya ba, mutum shida sun miƙar da bututu a ranar 23 ga Fabrairu 1945. Sai dai bai nuna Bougainville ba, bai nuna ranar 1 ga Maris ba, bai kuma nuna busasshen kogin da mutumin ƙarshe ya fito daga gare shi zai kuma koma ba. Ƙasarsa ta gina masa gunkin tagulla tun yana raye, amma ba ta samar masa likitan da ya fahimci ciwonsa ba, ba ta kuma ba shi gonar da ruwa ke isa ba.

Wannan tarihi ba baƙo ba ne ga mai nazarin Hausa. A makonnin da Hayes yake Iwo Jima, dubban sojojin Afirka ta Yamma na runduna ta 82 suna fafatawa da Japanawan nan dai a ƙasar Bama, a ƙarƙashin tutar Birtaniya, da yawansu daga Arewacin Nijeriya, Hausa ce kuma harshen barikinsu. Su ma sun yi yaƙi ne don daular da ba su da ƙuri'a a cikinta. Sunayen da suka shafi wannan yaƙi sun wanzu a jikin barikoki, irin su Dodan da Myohaung a Legas da Chindit a Zariya. Hotunansu da dama suna ajiye a gidajen tarihin Birtaniya, fuskokinsu a fili, amma yawancinsu babu suna a ƙarƙashi. Aikin da ke gaban manazarta shi ne irin wanda Hayes ya yi wa Block: a bi hoton zuwa gidan da mutumin ya fito, a tambayi iyalinsa sunansa, a kuma tambaye su yadda ya rayu bayan ya dawo.